Filin Gwaggo: Karen da ya daina gurnani

Ina da damuwar da nake jin nauyin faɗa wa mutane, don za a ce a kan kare nake ɓata bakina. Shekara uku ke nan da maigidana ya kawo kare saboda ɓarayin da suka addabi unguwarmu, irin manyan nan da ake ce wa Alsatian. Tun yana ɗan kwikwiyo ya taso da yarana, musamman autana mai shekara shida, wanda da ya dawo daga Islamiyya sai ya nufi wajensa yana shafa masa kai, wani lokaci har ya rungume masa wuya. Wata biyu da suka wuce karen ya fara gurnani duk sanda yaron ya taɓa shi. Baban yara ya ce raini ne, ya shiga zabga masa bulala duk lokacin da ya ji. Yanzu ya daina gurnanin. In yaron ya shafa shi sai ya yi tsit, ya kawar da kai, jikinsa ya ƙame. Maigida ya ce ai ga shi ya ladabtu. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, kuma ban san abin da zan ce masa ba.

Maman yara uku, Kaduna

Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, ki ɗauki mataki guda: daga yau autan nan kada ya sake zuwa wajen karen, ko da babba na tsaye, sai likitan dabbobi ya duba shi. Runguma kuma ta ƙare ke nan har abada. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Karenku ya fi haɗari yau fiye da lokacin da yake gurnani.

Kare ba shi da bakin da zai ce "bari" ko "wurin nan akwai ciwo". Abin da yake da shi jiki ne da murya, kuma ba da gurnani yake farawa ba. Wata likitar dabbobi a Ingila, Kendal Shepherd, ta jera alamomin da kare ke nunawa in an takura shi, ta siffanta su da tsani mai hawa-hawa, kuma likitoci da yawa na koyarwa da shi. A ƙasa akwai abubuwan da kusan ba wanda ke lura da su: hamma ba don barci ba, lasar hanci, ƙifta ido. In ba a gane ba sai ya kawar da kai, ya juya jiki, ya tashi ya bar wurin in da hali. In har yanzu hannun bai ɗauke ba sai ya kwantar da kunnuwa baya, ya soke wutsiya tsakanin ƙafafu. Daga nan jiki ya sandare, ido ya tsaya cak. Sai gurnani. Bayan gurnani saura hawa biyu kawai, ya kai cafka a iska, sannan ya ciji nama.

To ki duba abin da bulala ta yi. Ba ta taɓa dalilin da ya sa karen ke jin zafin taɓawar ba, dalilin na nan daram. Hawa ɗaya ta cire daga tsanin, kuma shi ne hawan da ke da sauti, wanda za ki jiyo daga madafa ki fito da gudu. Ƙamewar da kika kwatanta min ita ce matakin da ke gab da gurnani, kuma tunda an hana shi gurnanin, abin da ke biye da ita cizo ne. Bayan haka karen ya koyi wani darasi da maigida bai yi niyyar koya masa ba: duk sanda ƙaramin yaron nan ya zo, duka na tafe. Da ciwo kaɗai yake gudu a hannun yaron, yanzu har da tsoro. Ki tuna kuma tsayin ɗan shekara shida. In ya sunkuya ya rungumi wuyan Alsatian, fuskarsa na daidai bakin karen, shi ya sa cizon da ake yi wa ƙananan yara yakan faɗa a fuska da kai da wuya.

Yanzu sai mu tambayi me ya canza wata biyu da suka wuce, don ruwa ba ya tsami banza. Karen da ya shekara uku yana karɓar shafa sannan ya ƙi ta rana ɗaya, abin da likita zai fara nema a jikinsa ciwo ne. Tunda kai da wuya yaron ke taɓawa, ni kunne na fi zargi. Ki lura da shi daga nesa: yana yawan girgiza kai? Yana sosa kunne da ƙafar baya? Yana karkatar da kai gefe guda? Akwai wari ko baƙin datti a cikin kunnen? Kaska na son maƙalewa a lungun kunne, ƙudaje masu cizo kuma sukan cinye bakin kunnuwan irin karnukan nan masu kunne a tsaye har ya yi gyambo, musamman da damina. Haƙori da ya fashe wajen tauna ƙashi ma yakan sa kare ya ƙi a taɓa masa fuska. Alsatian kuma an san su da matsalar ƙugu da suke gada, wadda ke sa tashi da zama su yi musu wuya, don haka in yaron kan jingina da shi ko ya hau bayansa, ki faɗa wa likita. Abu ɗaya nake roƙonki: kada kowa ya ɗauko maganin ciwon jiki na mutane ya ba shi. Ibuprofen da diclofenac na iya huda wa kare ciki su lalata masa ƙoda.

In likita ya duba bai ga komai ba, sai a dubi zaman karen. Abin da ɗan kwikwiyo ke haƙuri da shi, kare da ya cika girma, wajen shekara biyu zuwa uku, yana iya daina ɗauka. Yawancin karnuka ma ba sa son runguma tun asali, jurewa kawai suke yi, don riƙe wuya a wajensu kamu ne. Sannan na san yadda ake ajiye karen gadi a gidajenmu: sarƙa ko keji yini guda, a sake shi da dare. Kare a ɗaure ba shi da damar tashi ya bar wuri, wato an toshe masa hanyar lalama tun farko. Ki bincika kuma ko yaran maƙwabta na jifansa ta saman katanga ko suna tsokanarsa da sanda ta ƙofar keji. Karen da yara suka saba jifa ba lalle ya bambance ɗan gida da na waje ba ranar da ransa ya ɓaci.

Batun raini da maigida ya kawo, ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. An daɗe ana koyar da cewa kare kullum neman zama shugaban gida yake, sai an murƙushe shi. Tunanin ya taso ne daga nazarin kyarketai da aka tara a tsare, waɗanda ba danginsu ɗaya ba. David Mech, masanin Amurka da littafinsa na 1970 ya yaɗa wannan ra'ayi, shi da kansa ya fito a 1999 ya bayyana cewa garken kyarketai a daji iyali ne, uwa da uba da 'ya'ya, ba fagen kokawar mulki ba. Karenku ba sarautar gidan yake nema ba, hannu yake so a ɗauke masa daga inda ke damunsa.

Yadda za ki tunkari maigida kuwa, kada ki ce masa shi ya ɓata lamarin, don daga nan zance ya mutu. Ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ki ce kina ganin kamar kunnen karen na ciwo, ko za a kira likita ya duba, tunda kuɗi aka sa aka saye shi. Ki bar likitan ya yi masa bayanin bulala, zai fi shiga daga bakinsa. In ya ja, ki tuna masa a hankali cewa saboda gargaɗi aka kawo karen nan gidan, bai kamata a ce gargaɗin ne ke jawo masa duka ba.

Bayan ya warke, in za a koma shafa shi, manya su fara. A bari shi ya tako ya zo, kada a bi shi. A tsaya ta gefensa, kada a rufa a kansa. Ƙirji da kafaɗa da gefen wuya ake shafawa, a bar tsakar kai da ƙafafu da wutsiya. A ƙirga uku a ɗauke hannu. In ya matso ko ya tura hannun da hanci, a ci gaba. In ya kau da kai ko ya lashi hanci, ya ce ya isa. Ba a taɓa shi yana cin abinci, ko yana barci, ko yana riƙe da ƙashi. Ranar da ya sake gurnani, a janye hannu, a ja da baya ba tare da tsawa ba, a lura da abin da ake yi masa a daidai lokacin. Ni da zan ji labarin gurnanin ya dawo, da na fi samun kwanciyar hankali.

Na san wasu za su rubuto su ce Gwaggo ta ba kare fili mai yawa. Hukuncin ajiye shi na malamai ne, su za a tambaya. Amma wanda ya riga ya ɗaure dabba a gidansa, haƙƙinta na wuyansa.

*

Gwaggo barka da aiki. Ni ɗan farauta ne, ina da karya da nake ji da ita. In mun dawo daga daji ina sosa mata ƙirji sai ta riƙa wani gurnani can ƙasa-ƙasa, tana lumshe ido tana ƙara jingina da ni. Abokaina sun ce muguwa ce, wata rana za ta kama ni, in rabu da ita. Gaskiya ne?

Ɗan farauta, Ningi

Ɗana, riƙe karyarka. Gurnani iri-iri ne, kuma su karnukan sun san bambancin. A 2010 masu bincike a Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest, ƙarƙashin Tamás Faragó, sun ajiye wa karnuka ƙashi suna kunna musu muryoyin gurnani daban-daban. Gurnanin kare mai tsaron abincinsa shi ya fi korar su daga ƙashin, na wasa bai hana su ba. Jikin karyarka ya riga ya ba ka amsa: ido a lumshe, jiki a sake, ita ke matsowa. Ka gwada ɗauke hannu. In ta bi hannun, daɗi take ji. In ta tsaya ƙam tana kallonka ta gefen ido har farin idon ya fito, ko leɓenta ya ɗage, wannan wani zance ne daban. Kada kaɗa wutsiya ya ruɗe ka, kare na iya kaɗa ta a sandare yana shirin cizo. Ka kula da ita a wuri biyu, in tana kan naman da ta kamo da kuma in ta haihu.

*

Gwaggo, ni maigadi ne a wani gida. Karen gidan mun saba sosai, amma kwana huɗu ke nan ya canza, ba ya cin abinci, yana dalalar da yawu, yana cizon sarƙarsa. Jiya na shafa shi don in lallashe shi, ya yi gurnani ya cije ni a yatsa. Ciwon ƙarami ne, jini kaɗan ya fita, na sa aidin na ɗaure. Ban taɓa ganin an yi masa allura ba. Sai na je asibiti?

Maigadi, Gusau

Malam, na riga na amsa maka tun ranar da saƙonka ya shigo, ina maimaitawa ne saboda sauran masu karatu. Ka je asibiti yau, ba gobe ba, ka ce kare mai alamun hauka ya cije ka. Ƙanƙantar ciwon ba ta rage komai, ƙwayar cutar haukar kare a yawu take, kuma yatsa wuri ne mai yawan jijiyoyi. Duk wanda kare ya ciza ya fara wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ya nufi asibiti a fara masa allurar rigakafi, ya kuma cika adadinta a ranakun da aka rubuta masa. Tunda naka ya yi jini, ka tambayi likita batun allura ta biyu da ake yi a kewayen ciwon kansa. Cutar takan yi wata biyu zuwa uku a jiki ba a ji komai ba, wani lokaci mako guda kawai, amma da zarar alamunta sun bayyana kusan ba a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Karen kuma kada wani ya sake kusantarsa. A bar shi a kulle, a kira likitan dabbobi na gwamnati. In ya mutu kada a jefar da shi a bola, kada a sayar wa masu cin namansa, don da ƙwaƙwalwarsa ake tabbatar da cutar a ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Kai dai kada ka jira sakamakon kafin ka fara allura. Ka gaya wa mai gidan a lissafa duk wanda karen ya ciza, ko ya yakusa, ko ya lasa a kan wani rauni a 'yan makonnin nan, har da yaran gida, su ma su bi ka asibitin. In akwai wasu karnuka ko kyanwa a gidan, a nuna wa likitan su.