Kwanon Tangaran Ruwan Ɗorawa na Sarakunan Sin

Tambaya: Malam, na ga hoton wani ɗan kwanon tangaran na ƙasar Sin, ruwan ɗorawa, ko zane ɗaya babu a jikinsa, amma an ce kayan sarauta ne mai tsadar gaske. Me ya ba shi wannan daraja? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, darajar tana cikin launin nan da kike gani kamar ba komai ba. A zamanin daular Ming (1368 zuwa 1644) da ta Qing da ta gaje ta, ruwan ɗorawa launin sarki ne, talaka bai isa ya ci abinci a irin wannan kwano ba. Ko a cikin fada sai da ƙa'ida. A daular Qing, kwanon da yake rawaya ciki da waje na sarki ne da mahaifiyarsa da uwargidansa. Wadda ke bin uwargida a matsayi, nata rawaya ne a waje, fari a ciki. Na ƙasa da ita kuma sai a zana musu korayen dodanni a kan rawayar. Da ganin kwanon mace an san matsayinta.

Sai kuma wahalar aikin. A garin Jingdezhen na lardin Jiangxi ake yin su, kuma gashi biyu ake musu. Na farko da wuta mai zafin kusan digiri 1,300, sannan a zuba wa kwanon ruwan sheƙi mai haɗe da dalma da ɗan sinadarin ƙarfe, a mayar da shi wutar da ba ta kai digiri 1,000 ba. Kwano mai zane yana iya ɓoye aibinsa, wannan kuwa ɗigo ɗaya ya isa ya tona asirin magini. A ganina babu kamar na zamanin Sarki Hongzhi (1488 zuwa 1505): rawayar tana da taushi a ido, ta kwanta sumul kamar narkakken man kaza. Mai hasken lemon tsami sai a zamanin Sarki Yongzheng (1723 zuwa 1735) ta bayyana.

In kika kifa kwanon, sau da yawa za ki ga sunan zamanin sarki da shuɗin rubutu a gindinsa. Kada wannan ya ruɗe ki, masu yin jabu sun daɗe da ƙwarewa a kansa. In an kawo miki tallar irinsa, kada ki fitar da ko kwabo sai masani ya riƙe shi a hannu ya duba.