Amsar Tambaya: Masarata Ƙonewa Take Yi

Tambaya: Ina zaune a Treichville. Duk sanda na gasa masara sai bayanta ya yi baƙi, cikinta ɗanye, yajin kuma ya yi ɗaci. Ina mafita?

Amsa: Uwargida, gyaran daga kasuwa yake farawa. In kin shiga kasuwar Gouro a Adjamé, soka farce a ƙwayar masarar. In ta tsattsafo farin ruwa kamar madara, ɗauki abinki. In ta ƙi, ta tsufa, sai tuwo. Kuma ki gasa ranar da kika saya, don zaƙinta raguwa yake in ta kwana.

Sai batun wuta. Kina ɗorawa tana ci, ko? Bari harshenta ya mutu, garwashi ya yi toka, sannan ki ɗora, kina fifitawa kina juyawa, kamar minti 15.

Yaji kuwa, ƙuli-ƙulin cikinsa ne ke ƙonewa ya kawo ɗacin. Sai kin sauke, ki shafa man shanu tana da zafi, ki barbaɗa. Yajin kankankan na masu gasa nama ma ya yi, amma akwai gishiri a ciki, kada ki ƙara. Ni dai ba na cin ta sai da kwakwa a gefe.