Amsoshin Tambayoyinku: Manhajojin Da Matafiyi Zai Riƙe Zuwa Sin

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Kantin Kwari a Kano, ya ce zai je Guangzhou sarin kaya karo na farko, yana son sanin manhajojin da ya kamata ya saka a wayarsa.

To Alhaji, Allah ya kiyaye hanya. Abu na farko, ka sauke komai tun kana gida, domin a ƙasar Sin an toshe Google da WhatsApp da Facebook, har rumbun Play Store ba ya buɗewa a intanet ɗinsu.

Wanda ya fi kowanne muhimmanci shi ne WeChat. Da shi za ka yi magana da masu masana'anta, ka tura hoton samfurin yadi, kuma yana fassara saƙon da aka rubuto maka da Sinanci. Da shi ko Alipay ake biyan kuɗi, hatta mai sayar da 'ya'yan itace a bakin titi lambar QR yake nuna wa mutum. Tun 2023 WeChat yana karɓar katin Visa ko Mastercard na waje, sai dai ka fara tambayar bankinka ko katinka yana aiki a ƙetare.

Motar haya kuwa, DiDi. Taswira, Amap.

Google Translate ma kada ka raina shi: in ka sauke Sinanci tun a Kano, zai yi maka aiki ba tare da intanet ba. Ka kuma ɗauki hoton adireshin masaukinka da rubutun Sinanci, domin direbobi da yawa ba sa jin Turanci.