Ƙirar Kwaikwayon Mashin Rumawa: Siffa, Ƙarfe da Hujjar Tarihi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda maƙeran zamani suke sake ƙera mashin jifa na sojojin Rum, wanda ake kira pilum, domin wasannin raya tarihi. An nuna cewa dacewar siffa kaɗai ba ta mayar da kwaikwayo hujja, sai an yi la'akari da irin ƙarfen da aka sarrafa.

1.0 Gabatarwa

Ƙungiyoyin raya tarihi, irin su Ermine Street Guard da aka kafa a Birtaniya a 1972, sukan yi shigar sojojin Rum su nuna wa jama'a dabarun yaƙinsu. Makaman da suke riƙewa sababbin ƙira ne, kuma daga gare su ne ɗan kallo yake gina fahimtarsa. Idan maƙeri ya kuskure, kuskurensa ne zai zauna a zukatan mutane a matsayin tarihi.

2.0 Siffar Mashin

Tsawon pilum ya kai kimanin mita 2. Yana da ƙota ta itace da siririn wuya na ƙarfe mai tsawon kusan santimita 60, wanda ya ƙare da ɗan tsini mai fuska huɗu. Da yake tsinin ya fi wuyan kauri, idan ya huda garkuwa sai wuyan ya bi kafar har ya kai ga mai riƙe da ita. Maƙera suna ɗaukar awo daga masun da aka tono, musamman na sansanin Oberaden a Jamus, waɗanda aka samu da sauran itacensu.

3.0 Matakan Ƙira

Maƙeri yakan saka sandar ƙarfe a wuta har ta yi jajawur, ya kama ta da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya yi ta dukanta da masaba yana juyawa har wuyan ya miƙe ya sirance. Yakan bar kauri a baki ɗaya, inda zai fitar da tsini. Ɗaya bakin kuwa hanya biyu ake bi da shi: ko a faɗaɗa shi a huda, a cusa cikin tsagar ƙota a ɗaure da ƙusoshi, ko a naɗe shi kamar mazurari a zura ƙota a ciki. Mashin nuni akan bar shi da tsininsa, amma wanda za a yi arangamar wasa da shi dole a dakushe shi.

4.0 Matsalar Ƙarfe

An daɗe ana cewa Rumawa da gangan suke ƙera wuyan don ya lanƙwashe, kada abokin gaba ya mayar da jifa. Madogarar ita ce bayanin Yuliyas Kaisar kan yaƙinsa da Helbetiyawa a shekara ta 58 kafin Miladiyya, inda masu suka haɗe garkuwoyi suka lanƙwashe. Sai dai gwaje-gwajen Peter Connolly sun nuna cewa ba kasafai hakan take faruwa ba, kuma M. C. Bishop a littafinsa na 2017 ya ɗauki huda garkuwa a matsayin ainihin manufar mashin.

A nan ne gizo yake saƙa. Ƙarfen Rumawa daga tama aka narko shi a ƙaramin murhu, yana ɗauke da ragowar datti, kuma taurinsa ba ɗaya ba ne daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙarfen masana'anta da yawancin maƙera suke saye a yau kuwa bai ɗaya ne. Saboda haka lanƙwashewar kwaikwayo ko rashinta hukunci ne a kan ƙarfen da aka gwada, kafin ya zama hukunci a kan na Rum.

5.0 Kammalawa

Kwaikwayo yana zama hujja ne idan an bayyana inda aka ɗauko awonsa, da irin ƙarfensa, da abin da aka sauya don kare lafiyar 'yan wasa. Darasin ya shafi mai nazarin ƙirar Hausawa: maƙeranmu na dā ma tama suke narkawa, alhali na yau sun koma ga tsofaffin ƙarafan mota. Mashin da aka gani a hawan salla na iya zama da siffar na kakanni, amma sai an bincika kafin a ce halinsa nasu ne.