Amsoshin Tambayoyinku: Wace Masara Mai Zaƙi Ce Ke Nuna Da Wuri?

Tambaya: Ina noman rani a wajen Kadawa, kuma bana ina so in gwada masarar nan mai zaƙi da ake kai wa otal-otal da manyan kantuna. Na ga iri biyu, ɗaya an rubuta kwana 65, ɗaya 78. In ɗauki mai 65 ɗin? Daga wani mai karatu a Kura, Jihar Kano.

Amsa: Kada lambar nan ta ruɗe ka. Kwanakin da ke jikin takardar iri an ƙirga su ne a ƙasar da aka fitar da shi, ita kuwa masara da zafi take tafiya. Idan ka shuka cikin hunturu za ta ɗara kwanakin, idan cikin bazara ce za ta gaza su.

Fara da tambayar mai shago inda irin ya fito. Yawancin masu kwana 60 zuwa 65 an yi su ne domin ƙasashe masu sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka, inda lokacin noma gajere ne, yini kuma dogo. In aka kawo su nan sai su yi saurin fitar da bununi tun karan bai yi ƙarfi ba, ka tashi da gajeriyar masara da ɗan goyon da ba ya cika hannu. Waɗanda aka fitar domin ƙasashen zafi, kamar na Tailan da Indiya, sukan ɗauki kwana 75 zuwa 80, amma sun fi jure cututtukanmu, goyonsu kuma ya fi girma.

Daga nan sai ka duba 'yan haruffan da ke kan takardar. Mai alamar "su" ita ce ta asali. Da ka karye ta, zaƙinta zai fara komawa gari, kafin kwana biyu ta zama lami. Mai sh2 ta fi zaƙi nesa ba kusa ba, kuma tana riƙe shi kwanaki, shi ya sa ta fi dacewa da mai ɗora kaya a mota zuwa Kano ko Abuja. Sai dai irinta a motse yake, kamar wanda ya lalace a rumbu. Haka halittarsa take, kada ka mayar wa mai shago. Tsironsa ba shi da ƙarfi, don haka kar ka zurfafa rami fiye da gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, kuma ƙasa ta kasance da laima.

Abin da ya fi ɓata wa sababbin shiga rai shi ne maƙwabci. Idan iska ta kwaso bununin masarar gida ta zuba a gemun taka, ƙwayar za ta fito da tauri, ba zaƙi. Ko dai ka ba da tazarar mita 100 ko fiye, ko ka saɓa lokacin shuka da mako biyu zuwa uku. Ka kuma shuka kunyoyi da yawa jere da juna, ba dogon layi ɗaya ba, domin totuwa ta cika ba giɓi. Tsutsar nan mai cin ganyen masara da ta shigo Nijeriya a 2016 kuwa tana son wannan masara ƙwarai, sai ka riƙa leƙa tsakiyar ganye tun tana ƙarama.

Kamar kwana 20 bayan fitar gemu, idan ya bushe, ɗan buɗe ɓawon ka soka farce a ƙwaya. In ruwa fari kamar madara ya fito, karye da sassafe.

Af, idan masu gasawa a bakin titi za ka sayar wa, irin SAMMAZ masu saurin nuna na cibiyar bincike ta Samaru, Zariya, sun ishe ka, kuma sun fi araha.

In har mai 78 ɗin na ƙasashen zafi ne kuma sh2 ne, shi za ka ɗauka, Malam. Fara da ɗan fili, kuma ka sami mai saye kafin ka shuka.