Me Ya Sa Bindiga Ke Zufa da Hunturu?

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi kan sauko a Achida da kewayenta. Iskar tudu busasshiya ce, har leɓe ya tsage. Amma fadamar Gulbin Rima, daga Goronyo har Wurno, ba ta rasa laima, saboda ruwan madatsar Goronyo da ban-ruwan albasa da tafarnuwa. Maharbi ko ɗan sintirin da ya kwana a waje yakan dawo da asuba, bakin bindigarsa ya yi sanyi ƙalau. Ya shiga ɗaki, ga kaskon wuta, ga ruwan zafi yana tururi. Kafin ya gama alwala ƙarfen ya jiƙe, sai ya ce bindiga tana zufa.

Ruwan nan ba daga cikin ƙarfen ya fito ba. Iska mai ɗumi tana ɗauke da ruwan da ido ba ya gani. Da ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke shi, kamar yadda ledar ruwan sanyi ke jiƙewa a hannun mai talla. Na bayan bindiga ana gani a goge. Mugun shi ne wanda ya kwanta cikin bututu da wajen kunama, ya zama tsatsa. A bindigar adaka abin ya fi muni, don dattin albarushin da ya ƙone yana jan laima. Albarushin da ya jiƙe kuma yakan ƙi tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi bayan mai shi ya sauke bindiga. In ta ƙi tashi, ka bar bakinta yana kallon inda babu kowa, kada ka kuskura ka leƙa.

Maganin abin haƙuri ne. Tun a waje ka cire harsashi ko ɗurin da ke ciki. Naɗe bindigar cikin buhu ko bargo, ka jingine ta a zaure ko lungun da babu wuta, ta yi awa ɗaya ko biyu tana ɗumama a hankali. Sannan ka buɗe, ka goge da busasshen tsumma ciki da waje, ka shafa man keken ɗinki kaɗan. Wasu kan shafa man gyaɗa, amma yana daskarewa ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta manne. Kanga ta a wuta kuwa ganganci ne.

Haka kyamarar mai hoton biki take, da wayar hannu. Saka kowacce cikin leda, ka ɗaure baki tun kana waje, ruwan sai ya sauka a kan ledar. In gilashin ya riga ya yi hazo ta ciki, kashe ta, ka cire batir in yana fita, ka ajiye ta inda iska ke ratsawa. 'Yan ƙunshin tsakuwar nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi suna shan laima. Tara su cikin jakar kyamara, amma ka ɓoye su daga yara, don ba abin ci ba ne.