Amsoshin Tambayoyinku: Hidimar Kirsimeti ta fi ƙarfina

Tambaya: Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Kafanchan. Tun watan Nuwamba yarana ba su da zance sai na ɗinki da takalmi da zuwa ganin Fada Kirsimeti. Maigidana ma ya fara maganar cin bashi don kada a ce mun gaza. Bara ina bakin murhu har aka tashi daga sujada. Yaya zan yi bikin nan ya zama na Almasihu a gidana, ba tare da yara sun ga kamar na hana su murna ba?

Amsa: Salama, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, shinkafa da kaza da sabon ɗinki ba zunubi ba ne. A Littafin Nehemiya, sura 8, lokacin da jama'a suka fashe da kuka da jin karatun Shari'a, umarnin da aka ba su shi ne su je su ci mai kyau su sha mai daɗi, su kuma aika wa waɗanda ba su tanadi komai ba. Wato ci da sha na cikin ibadar, muddin ba a manta da aikawar ba. Inda matsala take shi ne wa ke tsara bikin, ku ko kasuwa.

Kasuwa kuwa ba ta barci. Ragin farashin da shagunan intanet ke shelantawa a ƙarshen Nuwamba al'adar 'yan kasuwar Amurka ce da muka aro. Shi kansa Fada Kirsimeti da yaranki ke ɗoki, asalinsa Nikolas ne, bishop na garin Mira a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kuma ya yi suna wajen taimakon matalauta a ɓoye. Siffar tsoho mai tumbi da jajayen kaya tallace-tallacen Coca-Cola ne suka ƙara yaɗa ta daga 1931. Ki ba yaran wannan labari. Sannan ki tambaye su wa za su yi wa kyauta bana ba tare da ya san daga inda ta fito ba. Yara na son sirri, za ki sha mamakin yadda za su rungumi abin.

Batun bashi shi ya fi damuna a wasiƙarki. Ku zauna ke da maigida da dare, bayan yara sun kwanta, ku buɗe Luka sura 2. A nan za ku ga cewa da Yusufu da Maryamu suka kai jariri Yesu Haikali, hadayarsu tsuntsaye biyu ce, kurciyoyi ko 'yan tattabarai. Littafin Firistoci sura 12 ya nuna wannan ita ce hadayar macen da ba ta da halin ɗan rago. Gidan da Allah ya zaɓa wa Ɗansa gidan talaka ne, kuma ba mu karanta cewa sun ranto kuɗi don maƙwabta su gani ba. Kada ki faɗa wa maigida haka da sigar wa'azi, namiji ba ya son a nuna masa ya kasa. Ki ɗauko takarda ku rubuta kuɗin makarantar zango na biyu da ke jiranku a Janairu, ku ware shi tukuna, ku ware baiko da rabon mabukata, abin da ya rage shi ne na biki. In bai kai akuya ba, ku shiga watanda da maƙwabta. In ankon Zumuntar Mata ya fi ƙarfinki bana, na bara bai yage ba. Mu ma a ikilisiya wani lokaci mu ke ɗora wa juna wannan nauyi da sunan hidimar Ubangiji.

Sai maganar murhu. Uwaye mata da yawa sun yi shekara da shekaru ba su ji wa'azin Kirsimeti ba, kuma ba wanda ya ga laifin hakan. Ki soya nama da cincin tun ranar 23 da 24, ki haɗa miya da daddare, ki raba aiki har da yara maza. Safiyar 25 ga Disamba shinkafa kawai za a ɗora, kowa ya tafi sujada tare. Baƙon da ya iso kafin ku dawo zai jira.

Kafin ranar kuma, Katolika da Angilikan suna keɓe Lahadi huɗu don shirin zuwan Almasihu. Ko cocinku ba ya bin wannan tsari, ba abin da zai hana ku yin naku a gida. Minti goma bayan tuwon dare sun isa: yaro ɗaya ya karanta 'yan ayoyi daga Matiyu 1 da 2 ko Luka 1 da 2, wani ya ja waƙa, ƙaramin ya yi addu'a ko da zai yi ta kwan-gaba kwan-baya. Su shirya wasan makiyaya da mala'iku da tsofaffin zannuwanki, su nuna wa kakanni.

Ranar bikin, kwanon farko da zai fita daga tukunya ya tafi gidan gwauruwa ko marayu ko mara lafiyar da kuka zaɓa tun da wuri, kuma yaran ne za su kai da hannunsu, su zauna su gaisa, ba su miƙa a ƙofa su ruga ba. Kada ki manta da maƙwabta Musulmi da ke aiko muku da naman layya. Wannan musayar kwano tsohuwar al'ada ce a garuruwanmu, ta kuma yi rauni a wuraren da rikici ya raba unguwanni.

Yara za su yi gunaguni a shekarar farko, musamman in sun ga 'ya'yan maƙwabta da kaya kala uku. Ki faɗa musu gaskiyar abin da ke aljihun gidan, ki bar kowa ya zaɓi abu ɗaya da ya fi so, ki kuma kai wa tela ɗinkin da wuri kafin layi ya yi tsawo.